Alkakin Garar Hauwa

Ina zaune a tsakar gida ina tsince alkamar da za a niƙo wa babanku ta tuwo, hantsi ya ɗaga, sai wayata ta yi ƙara. Lambarsa ce. Na ɗauka da fushina, domin tun da safe ya fice bai sha maganinsa ba, kuma na riga na tanadi abin da zan faɗa masa. Sai na ji muryar wata mata da ban taɓa ji ba.

"Salamu alaikum. Hajiyar Malam ce?"

Na ce ni ce.

"Sunana Iya Talatu, mai masa a Tirwun. Malam ya faɗi a wajena. An sa shi a keke an nufi asibiti. Ki yi haƙuri, Hajiya, ki zo."

Ya kamata in yi salati. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Me ya kai shi Tirwun?" Alhali na san abin da ya kai shi can gefen garin Bauchi. Kafin babban yayanku ya zo ya ɗauke ni mu isa, rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Aka miƙo mana hularsa da wayarsa da wata baƙar leda da ba ta gama hucewa ba. Masa ce a ciki, da yajin ƙuli a ƙulle daban.

Na san kun ji maganganu iri-iri a kan wannan shekara. Wasu sun ce babanku ya rasu a bencin mai masa ne saboda ba a ba shi abinci a gidansa. Wasu sun ce an kai garar ƙanwarku Hauwa babu alkaki saboda rowa ko taurin kaina. Ban taɓa tanka wa kowa ba. Amma ku 'ya'yana ne, kuma jikokina sun fara girma suna jin guntu-guntu, shi ya sa zan faɗa muku yadda abin ya kasance tun daga tushe.

A gidanmu na unguwar Jahun, nan cikin Bauchi, ba a sayen alkakin gara. Mahaifiyata ita ta yi nawa, ta zaunar da ni a gefenta ta koya mini, ni kuma na yi na Hadiza na yi na Maryam da hannuna. Ku mazan ba ku san wahalarsa ba, ci kawai kuka sani. Ana barzo alkama, a murje ta da mai, a kwaɓa da ruwan tsamiya, a rufe ta kwana. Washegari a kirɓa, sannan a zo wurin da ake gane mai yi, wato naɗi. Za ki mulmula kwaɓin ya yi siriri tsakanin tafukanki, ki naɗe shi a yatsu ki maƙale bakinsa yadda ba zai warware a cikin mai ba. A soya, a tsoma a ruwan suga ko zuma. Idan an kai gara gidan miji, shinkafa da mai da sauran kaya ajiye su ake yi, amma alkaki da nakiya da dubulan rabawa ake yi gida-gida a dangin ango. Kowace tsohuwa za ta gutsura ta ce wani abu a kan gidan da amarya ta fito. Lokacin da aka kai na Hadiza, har daga Azare aka aiko ana tambayar wa ya yi.

To da aka sa ranar Hauwa, hannuwana sun riga sun fara ba ni matsala. Sanyin ƙashi ya kama yatsuna, da safe sai na gasa su da ruwan ɗumi kafin in iya ɗaure ɗankwali. Babanku kuma bai daɗe da yin ritaya ba, yana gida wuni guda, ga ciwon suga ga hawan jini, likita ya jero masa abubuwan da ya hana shi. Ni ce mai tsaron bakinsa. Tuwon alkama, miyar kuka mai ƙarancin gishiri, shayi ba suga. Yana ci yana ƙunƙuni kamar yaron da aka hana fita wasa. Wata rana bayan la'asar ya dubi yadda nake fama da murfin kwalba, ya ce,

"Hajiya, wannan hannun ba zai naɗa alkaki ba. A saya kawai."

"Garar 'yata a kasuwa? Auta guda?"

"To ba kasuwa ba. Garin nan cike yake da mata masu yi. Ni zan nemo wadda ta fi kowa iyawa."

"Malam, tun yaushe maza suka fara shiga maganar gara?"

"Tun ranar da aka yi mini ritaya."

"Kai da likita ya hana zaƙi?"

"Ɗanɗanawa ai ba ci ba ne."

Na ɗauka wasa yake yi. Washegari ya sa farar rigarsa ya fita, bai dawo ba sai azahar, da ɗigon mai a gaban rigar. Daga ranar aka buɗe abin da ya kira aikin bincike. Kullum zai dawo ya zauna a kan tabarma ya ba ni rahoto tiryan-tiryan, kamar yadda yake yi wa shugabanninsa a ofis. Ta kasuwar Wunti alkakinta ya yi tauri, sai mai haƙoran saurayi. Ta Yelwa nakiyarta ba ta ji citta ba. Wata a Gwallameji dubulanta yana narkewa a baki, amma tana da yawan surutu. Ina saurare ina haɗiye fushi. Da tafiya ta yi nisa sai na lura rahoton ya fara ƙetare iyaka. Yau sinasir, gobe funkaso da miyar taushe, jibi dambun shinkafa, gata ɗanwake da man gyaɗa. Tuwon da na tuƙa masa da wannan ciwon hannu sai ya taɓa gefensa ya ture.

Na ce, "Malam, me ya haɗa ɗanwake da gara?"

Ya ce, "Ba ki gane ba. Hannu ake dubawa. Macen da ta iya ɗanwake, hannunta mai kyau ne, daga nan ake bin sawu."

"Kilishin da na gani a aljihunka fa? Shi ma mace ce ta yi?"

"Wannan don wanke baki ne tsakanin ɗanɗano da ɗanɗano."

Ban bar shi haka ba, kada wani ya gaya muku na zuba masa ido. Na ɓoye makullin motarsa, ya hau keke. Na kai ƙararsa wurin babban yayanku, ya zo ya durƙusa ya yi masa magana cikin ladabi, babanku ya saurare shi har ƙarshe sannan ya tambaye shi ko ya taɓa cin gwaten acha na bakin barikin Shadawanka. Na kira wani abokinsa na masallaci in sa shi ya ja masa kunne, ashe tare suke zuwa wani lokaci. Na yi fushi na daina yi masa magana kwana biyu, sai ya dawo da tuwon madara a takarda ya ajiye a bakin ƙofar ɗakina. Sau ɗaya ya ce in shirya mu je tare, tunda ni ce na san alkaki. Na ce masa ni gidan da na fito ba a ganin matansu a bencin mai abinci suna lasar yatsa a gaban maza. Ya yi dariya ya ce to shi zai lasa a madadina. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a duk zamanmu ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na waɗannan watanni ba. Da yana ɓata rai, da na fi samun abin faɗa.

Ranar sadakar uku na ga abin da ban zata ba. Mata suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, ba dangi ba, ba 'yan unguwa ba, kowace da tire ko kwano a rufe. Wannan masa, wannan ƙosai, wannan alale. Kowace ta durƙusa ta yi gaisuwa ta ce Baba mutumin kirki ne, kullum yana wajenta. Kullum, in ji kowace. Ina jin maƙwabta a bayana suna taɓa juna. A nan aka ƙulla maganar nan ta cewa ba na ba shi abinci. Na sunkuyar da kai na karɓi gaisuwa, na ce Allah Ya ba da lada.

Aka ɗaga bikin Hauwa sai na fita takaba. Da lokaci ya matso, babban yayanku ya ce a ba wata kwangilar alkakin a huta. Ina shirin ba shi amsa sai Hauwa ta ce, da idonta cike da hawaye,

"Mama, Baba ya gaya mini ya samu wadda za ta yi. Ana gobe zai rasu ya faɗa mini. Ya ce in kwantar da hankalina."

"Wace ce?"

"Bai faɗi sunanta ba. Ya ce sai ya ƙara tabbatarwa."

Ta roƙe ni in nemo matar, ta ce tana so a kai garar da babanta ya zaɓa mata. Marainiya ce, kuma auta, ban iya ce mata a'a ba. Haka na sa hijabina na ɗauki ƙanwata, wadda kuke kira Inna Ladi, muka tare keke. Ni da na ƙi bin mijina yana raye, na bi sawunsa bayan ransa, ina tambayar mutane a bakin titi ina mai dubulan take.

Mun fara da Gwallameji. Shago ne mai gilashi da fanka, an jera kaya a robobi masu haske. Mai wurin, Hajiya Laraba, tana ganina ta gane ni, ta rungume ni, ta sa aka kawo kujera da lemo. Dubulanta gaskiya babanku bai yi ƙarya ba. Amma da na gutsuri alkakin na san da fulawa aka haɗa, ga yis ya kumbura shi ya zama kamar burodi mai suga. Na tambaye ta ko Malam ya yi mata maganar gara.

"Haba Hajiya, ai ni ya zaɓa! A nan inda kike zaune ya ce, Laraba, duk Bauchi babu kamarki, ki shirya."

Ni kuwa na san ba zan iya kai wannan abu gidan surukai ba. A cikin keke Ladi ta ce mu dai leƙa Wunti tunda hanya ce. Matar can, wadda ya ce mini alkakinta sai mai haƙoran saurayi, ta dafa ƙirji ta rantse ita ya zaɓa, har ya ce ta fara neman itace. Na gwada nata, na ji haƙorina na gefe ya motsa. Washegari ta Yelwa ta faɗi irin wannan magana, ta ƙara da cewa ya ce nakiyarta ta tuna masa da ta kakarsa. Babanku bai san kakarsa ba, ta rasu kafin a haife shi. Ladi ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Na ce, "Ladi, idan dariya za ki yi, ki sauka ki hau wani keken."

Ta ce, "Yaya, ki yafe ni. Wallahi muryarsa nake ji."

Tirwun na bari daga baya, don ban so zuwa. Rumfa ce ta kwano a bakin hanya, bayanta gonaki da sababbin gine-gine da ba a gama ba. Iya Talatu tana gaban tanda tana juya masa. Da na faɗa mata ko ni wace ce, ta cire itace daga wuta, ta wanke hannu, ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Ta nuna mini bencin. Ta ce ya ci, ya yi hamdala, ya ce a ƙulla masa wata zai kai gida, yana miƙewa sai ya dafa ginshiƙi ya sulale. Ban yi kuka a gabanta ba. Ta zuba mana masa da miyar taushe, na ce na ƙoshi, ta ce ba za ta karɓi wannan ba. Na ci. Zan faɗi gaskiya, ban taɓa cin masa irin wannan ba, gefenta ƙamas, cikinta kamar auduga, tsaminta daidai. Na ji haushin daɗinta. Sannan na yi mata tambayar da ta kawo ni.

"E, ya ce ni zan yi garar."

"Kina yin alkaki ne?"

"A'a, Hajiya, ni masa kawai na sani. Na gaya masa. Ya ce ba komai, in koya, akwai lokaci."

Wannan karon Ladi ba ta yi dariya ba. Ni kuwa da babanku yana kusa, da ya ji abin da bai taɓa ji daga bakina ba.

Ta ƙarshe ita ce ta bakin barikin Shadawanka, Maman Rifkatu, mutuniyar Bogoro, mijinta tsohon soja ne. Gwaten acha take sayarwa da kunun gyaɗa, sojoji da 'yan keke sun cika wurin. Ta ja mu bayan rumfa inda babu maza, ta kawo gwate yana tururi, da yakuwa da gauta a ciki. Ita kaɗai ce ba ta ɗauki maganar zaɓen da gaske ba.

Ta ce, "Mama, in gaya miki gaskiya ba za ki ji haushi ba?"

Na ce haushin da zan ji na riga na ji.

"Baba ba alkaki yake nema ba. Ni ma ya ce mini ni ce, na ce Baba ka bar wasa, ina ni ina alkaki. Ya yi dariya. Ya ce idan ya zaɓi mutum ɗaya aikin ya ƙare, sai ya koma zaman gida. Ya ce shekara da shekaru yana wucewa ta gaban wuraren nan a mota zuwa ofis, bai taɓa tsayawa ba. Nakan ce masa Baba, sugarka fa? Sai ya ce Hajiya tana kula da wannan a gida."

Na ajiye cokalin. Wato ni ina can ina auna masa gishiri da yatsun da ba sa lanƙwasuwa, shi yana nan yana gaya wa mutane ina kula da shi. Na yi mata godiya, domin ta fi sauran tausayina da ta faɗa mini. Muka tare keke muka koma gida.

A daren ban gaya wa Hauwa komai ba. Da safe na tara ku, waɗanda kuke gari, na ce babu wadda babanku ya zaɓa, kuma ba za a saya ba, ni zan yi. Babban yayanku ya ce, "Mama, hannunki fa?" Na ce hannuna ne. Na san ajali ne ya kai babanku Tirwun, ko yana kan gadonsa ranar ba za ta wuce shi ba, wannan na yi imani da shi. Amma a lokacin zuciyata ta kasa ɗaukar in miƙa garar 'yata ga ɗaya daga cikin matan nan, kamar na sa hannu a kan cewa yawon nasa yana da dalili. Ba su yi mini laifin komai ba. Da shi nake faɗa, kuma ba ya nan.

Muka barzo alkama, na kwaɓa, ta kwana, Ladi ta kirɓa. Hadiza da Maryam suka zauna za su taya ni naɗi, sai a ranar na gane ban taɓa zaunar da su na koya musu ba, makaranta ta ɗauke su a shekarun da ni aka koya mini. Duk wanda suka naɗa yana shiga mai sai ya warware ya tarwatse. Na ture su na ce su bar mini. Daga safe zuwa la'asar ina naɗawa, yatsuna suka kumbura har zoben da ke hannuna sai da aka sa sabulu aka cire. Abin da na samu bai cika ƙaramin kwano ba. Ya yi kyau, ya yi daɗi, amma dangin mijin Hauwa gida ne babba, kuma kai kaɗan a gara ya fi rashin kaiwa muni, domin wanda bai samu ba shi zai fi magana. Hadiza ta ce har yanzu akwai lokaci a aika Gwallameji. Na ce a'a.

Aka kai gara da shinkafa da mai da taliya da cincin, da nakiyar da Ladi ta daka. Na ba masu kaiwa saƙo su ce alkaki yana tafe, uwar amarya ce za ta yi da hannunta idan ta ji sauƙi. Goggon angon, wata tsohuwa mai suna Mairo, ta buɗe kaya ta duba ta ce to, Allah Ya kawo shi lafiya, da alama daga nesa ya taso. Bayan haka duk inda muka haɗu, a suna ko a biki, sai ta gaishe ni da fara'a ta ce, "Hajiya, baƙon namu ya iso Ningi kuwa?" Ni nakan yi murmushi. Hauwa ce take zaune a cikinsu tana ji kullum. Zuwanta gida na farko ta shiga ɗakina ta rufe ƙofa.

"Mama, da kin saya ko na Gwallameji ne, wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Ni kuma fa? Ni ce a gidan, ba ke ba. Baba ya tafi ya bar ni da alkawari, ke ma kin bar ni da alkawari."

Ta daɗe ba ta sake da ni kamar da ba, tana zuwa tana gaishe ni, amma ba ta zama hira. Wannan shi ne abin da shawarata ta jawo, kuma Hauwa ce ta biya fiye da ni.

Kowace shekara idan zafi ya shigo yatsuna suka ɗan saki, nakan ce bana zan yi. Na gwada sau da dama, ban taɓa wuce rabin kwano ba. Goggo Mairo ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Hauwa yanzu tana da 'ya'yanta, ta ce mini in bar maganar, kowa ya manta. Ni ban manta ba, domin ni na aika da saƙon, kuma ban aika wani na janye shi ba. Na ce wa dangin mijinta alkaki yana tafe, kuma har yau ban kai ba.